Abin da Almakashi Ya Bari

Da an sallame asuba nake ɗaure takalmi.
Daga Muciya zuwa Kwangila a guje,
in taɓa ƙafar gada, in juyo,
masu shayi na hura wuta suna bi na da ido
kamar wanda mai bashi ya koro.

A bayan garejin Sale mai walda
Koci Barau ya rataye buhu a jikin rodi,
cikinsa dussar katako da ƙyallayen shagona.
Ni tela ne.
Abin da almakashi ya bari jiya
shi nake duka yau da safe.

Shekara huɗu ya yi a Bankok yana saron yadi.
Ya dawo jari ya karye, hanci ya karkace,
ba abin da ya tsira da shi
sai wannan dambe na mutanen Tailan.

“Dunƙule biyu,” in ji shi, “ko jariri da su ya zo.
Ƙara gwiwar hannu biyu,
gwiwar ƙafa biyu, ƙwauri biyu. Ƙirga.
Takwas aka ba ka, kana yawo da biyu.”

Wata guda bai bar ni na yi shuri ba.
Tsallen igiya, tsalle kan tsohuwar taya,
haɓa a ƙirji, hannu a kunci,
har sai da gumi ya zana taswira a siminti.

Sannan ya ce:
“Ba ƙwallo ba ce, janye yatsunka.
Ɗaga dunduniyar hagu, murza ta
kamar mai kashe guntun taba.
Sakar wa ƙugu linzami,
ƙafa za ta biyo shi
yadda ƙyaure ke bin iska.”

Na buga.
Buhu bai motsa ba, ni na motsa.

Riƙon wuya kuma, tafuka biyu a ƙeya,
kada ka sarƙe yatsu,
jawo shi kamar guga daga rijiya
gwiwa ta tarye shi a haƙarƙari.

Kawu Gambo, mahauci a Tudun Wada,
wanda ya naɗe hannu shekara ashirin a fage,
ya zo kallo ran wata Asabar, ya yi tsaki:
“Mu hannu ɗaya mashi, ɗaya garkuwa,
ya ishe mu kisa.
Wannan wane irin haɗama ne?”

A ranar aka haɗa ni da Bulus ɗan Wusasa,
siriri kamar sillen kara,
yaron da na raina tun daga ƙofa.
Na tattaro duk gudun da na yi,
duk taya, duk igiya,
na saki ƙafar dama.

Gwiwa kawai ya ɗaga.
Ƙashi ya gaisa da ƙashi.
Na ga walƙiya ba hadari.
Kafin in sauke numfashi
ya sa tafin ƙafa a cibiyata, ya tura,
a hankali, kamar mai rufe ƙofar masallaci,
sai ga ni zaune.

Shi ya miƙo hannu.
Shi ya fasa mini ledar ruwa da haƙori.

Koci bai yi dariya ba.
“Ka koyi bayarwa,” ya ce.
“Gobe sai karɓa.”

Da la’asar ina kan keke,
ƙwauri ya kumbura kamar dankali,
kowane taki sai na cije leɓe,
ga wando shida na jiran aljihu.
Kawu ya shigo ba sallamar kirki,
ya tsuguna, ya latsa wurin da babban yatsa
yadda yake latsa cinyar sa kafin ya yi tayi.

Ya daɗe bai ce komai ba.
Ya ajiye gwangwanin man zafi a kan yadin mutane.

“Yaron nan,” ya ce, “da wace ƙafa ya tare?”